Kirarin da Aka Hana Kaura Jatau

A zamanin da ake auna girman gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani birni da ake kira Karazau. Mutanensa ba su fi kowa yawa ba, ba su fi kowa dawakai ba, amma in aka ce Karazawa sun fito, maƙwabta kan kwashe dabbobinsu su hau dutse. Abin da ya ba su wannan zuciya wata al'ada ce tasu. Duk ranar da aka dawo daga yaƙi, Sarki kan zauna a ƙofar fada, mayaƙa su riƙa zuwa suna faɗuwa gabansa. Wanda ya yi abin kirki, Sarki zai dube shi, ya kira sunansa, ya ce, "Na gani." Daga nan Sankira, mai kirarin fada, zai ɗaga murya ya faɗa wa duniya abin da Sarki ya gani, makaɗa su bi shi da taken mutumin. Sankira ba ya buɗe baki da yabon kowa, a fili ko a ɓoye, sai Sarki ya fara. A kan haka ake sa shi ya dafa tambari ya rantse ranar naɗinsa, don kada yabon fada ya zama kayan kasuwa.

Nomau ne Sankira a zamanin Sarki Tunau, kuma Allah bai taɓa haɗa mai murya da ubangida marar baki kamar su ba. Tunau yana saurayi ya ga abin da ya gani. Mahaifinsa ya yi ta yabon wani shugaban yaƙi nasa har kan mutumin ya fi ƙarfin rawaninsa, ran nan mutumin ya shigo zaure ya soke Sarkin har lahira, Tunau na tsaye. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Tunda Tunau ya hau gado bai ce wa kowa ya gani ba. Abin takaicin shi ne, wanda ya kwantar da wancan tawaye, ya kama hannun Tunau ya zaunar da shi a kan karaga, shi ne Jatau, wanda yanzu yake Kaura, shugaban mayaƙan Karazau.

A shekarar da wannan labari ya faru, Sarki Mayau na Damarke ya taso da rundunar da ba a taɓa ganin irinta ba. Kaura Jatau ya tare shi a Mashigin Kada, ruwa iya ƙirji, ya hana shi ƙetarewa tun hantsi har rana ta yi sanyi, sai da mutanen ƙauyuka suka gama shigewa birni. A cikin ruwan nan ya bar ɗansa Ranau. Da aka dawo, jama'a suka cika ƙofar fada kamar yadda aka saba, don mutum ba ya fid da rai da wuri. Kaura ya zo da laka har gemu, ya faɗi. Nomau ya riga ya shirya kirarin tun a hanya, yana nan cikin ƙirjinsa yana tafasa. Ya gyara tsayuwa, ya zuba wa bakin Sarki ido.

Sarki ya dubi Kaura ya ce, "An ce mini shanun Gidan Gabas sun faɗa hannunsu. Yaya aka yi haka?"

Kaura ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutane muka fara ƙetarwa."

Sarki ya ce, "To, a kula gaba." Ya tashi ya shige.

Nomau ya haɗiye kirarinsa. Ya sha haɗiye irinsa, amma bai taɓa haɗiye mai nauyin wannan ba.

Makaɗa kuwa tuni suka watse. Makaɗi da yabo yake ci, inda ba a yabo kuwa ba ya da abin yi. Barmo, Sarkin Makaɗa, ya daɗe yana jurewa, ran nan ya rataya gangarsa ya zo wa Nomau sallama, ya ce hannunsa ya fara manta taken mutane, gara ya tafi inda za a sa shi aiki. Bai faɗi inda za shi ba, Nomau kuma bai tambaya ba. Bayan dawowa daga Mashigin Kada aka buɗe ɗakin tambura aka tarar gara ta cinye babban tambarin ta ciki, fatar kawai ke tsaye. Limamin fada ya ce a yi sadaka. Aka yi, amma kowa ya koma gida jikinsa a sanyaye.

Ruwan kogi ya janye, Damarkawa suka ƙetaro suka kewaye birni. Sai ga manzonsu a ƙofa da farin ƙyalle a kan mashi. Sarki ya tara majalisa: Galadima Anaruwa a dama, Kaura a hagu, Barde da Jarmai da Sarkin Baka a bayansa, Magajiya, gwaggon Sarki, a kan tabarmarta can gefe. Manzo ya yi gaisuwa irin ta wanda ya san ubangidansa na da ƙarfi, ya ce Sarki Mayau na neman Karazau ta bi, ta riƙa kai gaisuwa duk kaka, a zauna lafiya. Wannan kowa ya zata. Abin da ba a zata ba shi ne da ya juya ya fuskanci Kaura.

Ya ce, "Ubangidana ya ce in gaishe ka, Kaura, gaban duk wanda ke nan. Ya ce yana tsaye a gaɓar kogi ranar Mashigin Kada. Ya ga dattijo cikin ruwa, an kashe dokinsa bai ja da baya ba, an kashe ɗansa bai waiwaya ba. Ya ce tunda yake yaƙi bai ga namiji irinka ba, kuma yana yi maka ta'aziyyar yaron."

Nomau ya saci kallon Kaura, ya ga tsohon ya sunkuyar da kai. Wannan ne karo na farko da wani ya ambaci Ranau a fada, kuma daga bakin waɗanda suka kashe shi.

Da aka fitar da manzo, Galadima ya gyara zama. Shi mutum ne da in an yabi wani sai ya ji kamar daga rumbunsa aka ɗiba. Ya ce, "Zaki, ruwa ba ya tsami banza. Ban ce komai a kan kowa ba. Amma tunda nake ban ga kura ta aiko wa kare da gaisuwa ba, sai in akwai wata a ƙasa."

Kaura ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ban aika a gaishe ni ba. Shawarata ita ce mu zauna cikin ganuwa. Muna da rijiyoyi, muna da hatsi. Su suna fili, ciyawa ta fara bushewa, dawakinsu za su fi mu jin yunwa. Mutanena kuma sun gaji, ba gajiyar jiki kaɗai ba. In aka fitar da su yanzu, ban san abin da zan iya riƙewa ba."

Galadima ya ce, "Ka ji, Zaki. Jiya ya tare su a ruwa, yau an gaishe shi, ya ce kada a taɓa su."

Magajiya ta ɗaga kai. Ita kaɗai ke kiran Sarki da sunansa. Ta ce, "Tunau, ni ba na zuwa yaƙi, amma na yi kiwo. Doki ma in ya kawo ka gida ana shafa masa wuya. Mutanen nan 'ya'yan mutane ne, suna da mata da ke tambayarsu abin da aka ce a fada. Ka buɗe baki, ɗana. Ba abin da zai ragu a jikinka."

Sarki ya ce, "Na ji, Gwaggo." Sannan ya dubi bango, ba Kaura ba, ya ce, "Gobe da hantsi Kaura zai fita da runduna ta Ƙofar Gabas. A nan za mu san wanda ke namu."

Da aka watse Nomau bai tafi ba. Ya bi Sarki har soron ciki, ya faɗi, ya ƙi tashi.

Ya ce, "Zaki, ni bakinka ne, baki kuwa ba ya gaba da mai shi. Amma yau ina roƙo. Kalma biyu ce. Ka faɗe ta gobe a bakin ƙofa kafin su fita, sauran aikin nawa ne. Wallahi in ka ba ni dama, zan mayar maka da mutanen nan yadda ka gaje su."

Da Sarki ya yi magana, muryarsa ba ta sarauta ba ce, ta mai ciwo ce. Ya ce, "Sankira, kana nan ranar da aka kashe mahaifina. Wa ya yi wa wanda ya soke shi kirari da safiyar ranar?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Mahaifina ne, Zaki. Shi ne Sankira a lokacin."

"To, ka gani. Kana tsammani ban san abin da Jatau ya yi ba? Na sani. Ina kwana da shi ina tashi da shi. Amma duk sanda na buɗe baki zan faɗa, sai in ga zauren nan da jini a kan shimfiɗa. Bari ya dawo gobe. In ya dawo, zan faɗa."

Nomau ya so ya ce ba kowa ake ba gobe ba, amma ba a faɗa wa Sarki haka. Ya yi godiya, bai san ta mece ce ba, ya fita.

Ƙafarsa ta kai shi gidan Kaura da la'asar. Su biyun tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki a bayan ganuwa, don haka in ba kowa da sunan yanka suke kiran juna. Ya same shi gindin tsamiya yana ɗinke maɗaurin garkuwarsa da kansa. Suka gaisa, Nomau ya zauna kusa da shi.

Can Kaura ya ce, "Nomau, uwar Ranau ta tambaye ni abin da Sarki ya ce a kan ɗanta. Na rasa ƙaryar da zan yi mata. Na ce ya tambayi shanu."



Kaura ya ci gaba, idonsa a kan ɗinkin. "Ni ba riga nake so ba, ba doki ba. Na tsufa da waɗannan. Amma mutum in ya kai inda na kai, yakan so ya san ko abin da ya yi wani abu ne, ko kuwa wahala ce kawai ya sha. Yau da baƙon nan ya yi magana, kunya ta kama ni, don na ji daɗi. Ka ji fa, na ji daɗin maganar wanda ya kashe mini ɗa." Ya ajiye basilla. "Na san ka shirya wani abu ranar Mashigin Kada, na ga bakinka yana motsi. Ba kowa a nan sai ni da kai da tsamiya. Faɗa mini, ko a hankali ne."

Kirarin ya taso wa Nomau har bisa harshe. Ya ji ɗacinsa, ya ji zaƙinsa. Amma ya tuna ranar da ya dafa tambari gaban mahaifinsa da dukan fada, ya tuna an ce Sankiran da ya karya wannan rantsuwa, bakinsa da na zuriyarsa ba zai sake yin albarka ba.

Ya ce, "Na dafa tambari, Jatau."

"Tambarin da gara ta ci?"

"Itacen ta ci. Ba ta ci rantsuwar ba."

Kaura ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya ɗauki basillarsa. Ya ce, "Gaskiyarka. Kowa da ƙofar da aka ba shi tsaro. Je ka, Allah ya kai mu."

Nomau ya tashi yana jin kansa ƙaramin mutum. Ga abinci a hannunsa, ga mai yunwa a gabansa, ya juya ya tafi da shi.

Da hantsi Sarki ya hau ganuwa bisa Ƙofar Gabas, Galadima a damansa, Nomau a bayansa. Aka buɗe ƙofa, rundunar Karazau ta fita. Ba ganga, ba ƙaho, ba wanda ya kira sunan wani, sai ƙarar kofato da ta linzami. Tsofaffin da suka san yadda ake fita a da suka riƙa kawar da kai. Aka mayar da ƙofa aka sa sakata.

Damarkawa na jere a fili, baka a hannu, amma ba su harba ba. Sahunsu ya tsage, sai ga makaɗa sun fito gaba. Bugun farko Nomau ya gane mai kiɗan. Ko cikin barci ya san wannan hannun. Barmo ne, kuma taken Barde Ciwake na Karazau yake kaɗawa, taken da rabon a ji shi tun zamanin tsohon Sarki.

Wani mai murya daga cikinsu ya ɗaga kai ya ce, "Barde Ciwake, kai ne ka koma cikin ruwa ka ɗauko mutum biyu a kafaɗa, kibiya na cinyarka. Sarki Mayau ya gani." Aka juya kiɗa. "Sarkin Baka Gajere, kai ka hana mu gaɓar yamma da 'yan mutanenka, har kwarinka ya ƙare ka koma jifa da dutse. Sarki Mayau ya gani." Haka suka riƙa bi, mutum bayan mutum, har da waɗanda ba su da sarauta. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya fi ciwo ke nan. Su ne aka yi wa ɓarnar, don haka sun fi kowa sanin wanda ya yi ta.

Barde Ciwake ƙato ne da ake tsorata yara da sunansa. Nomau na kallo daga sama ya ga kafaɗunsa na girgiza. Ya sauko daga doki, ya juya mashinsa ya kafa tsininsa a ƙasa, ya zauna ya rufe fuska. Bai koma wajen abokan gaba ba, bai zare takobi a kan kowa ba, hannunsa ne kawai ya ƙi tashi a kan mutanen da suka san sunansa. Na kusa da shi ya yi haka, na gaba ma haka, abin ya bi sahu kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Sannan Barmo ya saki taken Kaura.

Jatau na kan dokinsa a gaba, bai motsa ba. Ya saurara har aka kai ƙarshe, bai bar ko bugu ɗaya ya wuce shi ba. Da aka gama, ya juya dokin a hankali, ya ba Damarkawa baya, ya ɗaga kai ya dubi saman ganuwa. Ya tsaya yana jira.

Nomau ya matso har yana taɓa alkyabbar Sarki, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Zaki, kai yake duba. Don Allah, Zaki."

Leɓen Sarki ya motsa. Galadima ya ce, "A dakata, ranka ya daɗe, mu ga inda zai nufa tukuna." Sarki ya rufe baki.

Nomau ya dubi abokinsa can ƙasa, ya ji rantsuwa ta riƙe masa muƙamuƙi, ya ji kuma wani abu na cewa ya karya ta kowa ya huta. Yana cikin wannan kokawa Kaura ya sauke kansa. Ya gyara garkuwar da ya ɗinke jiya, ya juya, ya zaburi doki. Wasu tsofaffi 'yan kaɗan da suka yi zamani da shi suka bi bayansa. Suka shiga tsakiyar Damarkawa kamar an jefa tsakuwa a tafki. An ga farin gemunsa ya ɓullo can ciki, takobi na tashi yana sauka, har ya kusa inda tutar Sarki Mayau take. Daga nan aka ga doki ya fito ba kowa a kansa.

Sai Nomau ya ji wata 'yar murya kusa da shi, kamar ta yaron nan da ya tsaya a zaure shekarun baya.

"Jatau," in ji Sarki. "Na gani."

Bakin Nomau ya buɗe da kansa, hawaye na shiga ciki.

"Jatau na Karazau, kututturen da ya tare kogi!
Ka ce ba a wucewa, ba a wuce ba.
Uban Ranau, ka ba ruwa ɗanka ka hana shi garinka.
Mai ɗora wani a karaga ya koma ya zauna a ƙasa.
An tambaye ka shanu, kai kuwa mutane ka kawo.
Jatau, bangon gabas, wa zai jingina da wa yanzu?"

Muryar ta ratsa fili har Damarkawa suka tsaya cak. Can sai ganga ɗaya ta ɗauka, Barmo ne ya ji tsohon abokin aikinsa, hannunsa ya bi shi yadda ya saba. Sankira a kan ganuwa, makaɗi a cikin abokan gaba, suka haɗu a kan mutum ɗaya. Waɗanda suka ji sun ce ba a taɓa yin kirari irinsa a ƙasar ba, kuma kowa ya ji shi, na ciki da na waje, ban da mutum ɗaya da ke kwance cikin turmutsutsun kofato da garkuwarsa a ƙirji.

Nomau bai daina ba, don ya san in ya yi shiru ba shi da sauran abin yi a duniya. Yana cikin yi ya ji wata ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙarar itace mai nauyi yana gogar dutse. Sarkin Ƙofa ne, wanda ya tsufa yana kwana a bakin ƙofar nan ba a taɓa kiran sunansa a fada ba. Ya ji Damarkawa sun kira sunansa daga waje, yana zare sakata.